JANARETO MARAR MAI DA ABIN DA AKA GANO TUN 1831

Jama'a, bidiyon nan na janareto marar shan fetur ya sake dawowa. A satin nan kaɗai mutum huɗu suka turo min shi, biyu suna tambaya ko na san inda ake sayarwa, ɗaya kuma har ya fara tara kuɗi. Kusan duk shekara sai an fito da sabo. Za ka ga matashi tsaye gaban wani akwatin ƙarfe, ga bel, ga altaneta, ga batir an ajiye a gefe kamar ba ruwansa, an kunna ƙwai uku da fanka, mutane na ta tafi. A ƙasa kuma ana ta kiran gwamnati ta tallafa masa kafin Turawa su ɗauke shi.

Ban ga laifin mai ɗoki ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin 2024 ta ƙare kuma ta wuce dubu. Duk mai jiran albashin ƙarshen wata irina ya san yadda ake auna mai da gora don yara su samu fanka na awa biyu. Amma kafin wani ya zuba kuɗin adashensa, bari in ba ku tarihin injin nan. Tambayar da muke yi yau an yi ta kusan shekara ɗari biyu da suka wuce, kuma waɗanda suka ƙirƙiro janareton da kansu ne suka amsa ta.

Har zuwa farkon ƙarni na 19, masana a Turai ba su da hujjar cewa akwai dangantaka tsakanin lantarki da maganaɗisu. Shi maganaɗisu, wanda muka taso muna kira mayen ƙarfe, an san shi tun zamanin da. Yana jan ƙusa, matuƙan jirgin ruwa kuma da allurarsa suke gane arewa. Lantarki kuwa tartsatsi ne kawai da ake fitarwa a ɗakin gwaji ya ɓace nan take, sai a 1800 da Alessandro Volta na Italiya ya haɗa batir na farko, aka samu wuta mai gudana a waya ba yankewa.

A 1820 wani malamin jami'a a ƙasar Denmak, Hans Christian Oersted, ya lura duk sanda ya jona waya da batir, allurar kamfas ɗin da ke kusa sai ta karkace. In ya cire, ta koma arewa abinta. In ya juya kan batir, ta karkata ɗaya gefen. Ashe in wuta na gudana a waya, wayar kan zama maganaɗisu. Labarin ya isa Faransa, cikin 'yan makonni André-Marie Ampère ya nuna cewa wayoyi biyu masu ɗauke da wuta suna jan juna ko tura juna, ba tare da an kawo wani mayen ƙarfe kusa ba. Sunansa ne muke ambata kullum in muna cewa batir ɗin nan amp nawa ne.

Sai Michael Faraday a Landan. Wallahi labarin mutumin nan yana burge ni, don ya fi kama da na yaranmu na bakin kasuwa fiye da na farfesoshi. Ɗan maƙeri ne, an haife shi a 1791, bai yi wani karatun kirki a makaranta ba. Yana ɗan shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littafi, ya shekara bakwai yana ɗinke littattafan mutane yana karanta su. A 1813 masanin nan Humphry Davy ya ɗauke shi yaron ɗakin gwaji, mai wanke kwalabe da haɗa kaya. A watan Satumba na 1821 ya tsayar da maganaɗisu a tsakiyar kofi mai zaiba, ya rataye waya daga sama bakinta na taɓa zaibar, ya jona batir. Wayar ta kama zagaya maganaɗisun ba tsayawa. Wannan ɗan abin wasan shi ne kakan abin da masu gyara ke kira mota, ba ta hawa ba, wadda ke cikin fankarku da injin ɗinki da injin jan ruwa na rijiyar burtsatse. Aikinta bai canza ba har yau: a naɗa waya a tura mata wuta ta zama maganaɗisu, wani maganaɗisun ya tura ta, a kuma yi dabarar juya hanyar wutar a daidai lokacin da turin zai ƙare, don ta ci gaba da bin abin da ba za ta taɓa cim masa ba.

To daga nan kowa ya yi tambaya ɗaya. Tunda lantarki na haifar da maganaɗisu, me zai hana maganaɗisu ya haifar da lantarki? Ku lura da abin da suke kwaɗayi. Batir yana ƙarewa kuma yana da tsada, shi kuwa maganaɗisu sai ya shekara da shekaru yana jan ƙarfe bai gaji ba. Da za a tatsi wuta daga jikinsa, ai an samu wutar banza ke nan har abada. Wannan mafarkin da na mai bidiyonmu uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Shekara goma aka yi ana nema. A ɗauko babban maganaɗisu, a ajiye kusa da naɗaɗɗiyar waya, a zuba wa allurar awo ido. Shiru. A ƙaro mafi girma. Shiru. Faraday da kansa ya gwada sau da dama bai ga komai ba. Akwai labarin da ake bayarwa na wani masani a Janeba, Daniel Colladon, wanda saboda tsabar taka-tsantsan ya kai allurar awonsa wani ɗaki daban, don kada maganaɗisun ya dame ta kai tsaye. Sai ya tura maganaɗisu cikin naɗin waya, ya taka zuwa ɗaya ɗakin ya duba, ya tarar allura na tsaye. Ashe ta motsa a daidai lokacin da yake turawa, kafin ya iso ta koma wurinta. Da yana da yaron da zai zauna masa a ɗakin, da wataƙila sunansa muke kira yau.

Ranar 29 ga Agusta 1831 Faraday ya naɗa waya biyu daban-daban a jikin wani zoben ƙarfe, ɗaya ya jona da batir, ɗaya da allurar awo. Da ya jona, allura ta zabura ta koma. Wuta na ci gaba da gudana a wayar farko, amma allura ko gezau. Da ya cire, ta sake zabura, wannan karon ta ɗaya gefen. A watan Oktoba ya ajiye batir gaba ɗaya, ya ɗauki sandar maganaɗisu yana tura ta cikin naɗin waya yana zarowa. Yana turawa wuta ta zo, yana zarowa ta zo, ya tsaya ta ɗauke. Kafin watan ya ƙare ya sa faifan jan ƙarfe tsakanin bakin wani babban maganaɗisu yana juya shi da hannu, wuta ta riƙa fita muddin hannunsa na juyawa. Janareto na farko ke nan, kuma mansa shi ne damtsen Faraday.

Abin da aka gano ke nan, kuma shi ne gaba ɗaya zancen nawa. Maganaɗisun da ke zaune ba ya ba da wuta ko ta ƙyasta ashana, komai girmansa. Sai an motsa shi, ko an motsa wayar a gabansa. Ku ɗauke shi kamar famfon tuƙa-tuƙa. In ba famfon, ruwa ba zai hau ba, amma ƙarfin da ke ɗago ruwan daga hannun mai tuƙawa yake fitowa. Ka saki, ruwa ya tsaya.

Wani zai ce to, ai sai a samu abu mai santsi wanda in an juya shi sau ɗaya zai yi ta juyawa. Nan ma an riga mu. A 1834 Heinrich Lenz, wanda ke aiki a Rasha, ya bayyana cewa wutar da janareto ke fitarwa ita ma tana haifar da nata maganaɗisun, kuma kullum wannan sabon maganaɗisun yana turjiya ne ga motsin da ya haife shi. Iya yawan wutar da ka ja, iya nauyin da juyin zai yi. Mu da muka hau keke mai dainamo muna yara mun san wannan da ƙafafunmu. Da ka kwantar da kan dainamo a jikin taya, fitila ta kama, sai ka ji feda ta ƙara nauyi. Haka ƙaramin janaretonku na gida. Bar shi ba kaya a kai, yana kuka lafiya lau. Jona dutsen guga, nan take za ka ji ya yi nishi ya sauya murya. Turjiyar nan ce ta danne shi, sai wani ɗan ƙarfe da masu gyara ke kira gwamna ya ƙara buɗe hanyar mai don injin ya riƙe gudunsa. Shi dai wannan gwamnan da an yi kuka yake sakin mai, ba sai an rubuta masa takarda ba. Zafin dutsen gugar nan, fetur ɗin da aka ƙara ne ya biyo waya. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa.

Abin mamaki, mota ta riga samun kasuwa shiryawa. Wani maƙeri a Amurka, Thomas Davenport, ya samu takardar mallakar fasahar motarsa a 1837, amma ya mutu bai ci ribarta ba. A Rasha, Moritz Jacobi ya tuƙa kwale-kwale da mota a kogin Neva a 1838. Duk sun yi aiki. Abin da ya kashe su batir ne, don batir na wancan zamanin tutiya yake ci, tutiya kuwa ta fi gawayin kwal tsada nesa ba kusa ba. Injin tururi ya ci gaba da mulkinsa. Tun a lokacin, duk inda ka ga mota na juyawa ba ka ga abin da ke ciyar da ita ba, to ka nemi batir.

Akwai wani mataki da nake ganin shi ke rikita masu ƙirƙira na gaskiya, waɗanda ba yaudara suka nufa ba. A tsakanin 1866 da 1867, Werner Siemens a Jamus da Charles Wheatstone a Ingila, kowa a nasa ɓangaren, suka nuna cewa janareto zai iya ɗibar kaɗan daga wutar da yake samarwa ya ƙarfafa nasa maganaɗisun. Ɗan ragowar maganaɗisun da ke jikin ƙarfe ya ba da 'yar wuta, 'yar wutar ta ƙara maganaɗisu, maganaɗisu ya ƙara wuta, har injin ya cika. Shi ya sa janareton da ya daɗe a ajiye wani lokaci zai tashi amma ba wuta, sai mai gyara ya ɗan taɓa masa batir ya farfaɗo da ragowar. In ka kalli wannan sama-sama sai ka ce ai ga injin yana ciyar da kansa. Amma maganaɗisu kawai yake ƙara wa kansa. Juyin yana nan a wuyan injin tururi, kuma da maganaɗisun ya ƙaru, sai juyin ya ƙara nauyi, a ƙara zuba kwal.

Yanzu ga inda bidiyonmu ya samo asali. A baje kolin duniya da aka yi a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 1873, Zénobe Gramme, ɗan Beljiyam, da abokin aikinsa Hippolyte Fontaine suka haɗa injinansu biyu iri ɗaya da doguwar waya. Aka juya na farko da inji, ya ba da wuta. Wutar ta bi waya ta shiga na biyu, ya kama juyawa yana tuƙa famfon ruwa. Duniya ta ga cewa janareto da mota abu ɗaya ne. Ka ba shi juyi ya ba ka wuta, ka ba shi wuta ya ba ka juyi. Wannan shi ya buɗe ƙofar masana'antu na zamani, don yanzu za a iya ƙona kwal ko tare ruwa a wuri guda, a aika ƙarfin ta waya zuwa inda ake bukata.

Kuma tabbas duk mai kaifin ƙwaƙwalwa da ya ga wannan sai zuciyarsa ta raya masa: to in na ɗaura bel daga motar ya dawo ya juya janareton fa? Wannan ya juya wancan, wancan ya ciyar da wannan, sai a kashe injin a huta. Abin da ke cikin akwatin bidiyon ke nan, ba ƙari ba ragi.

Mu yi lissafi irin na 'yan canji. Ka kai naira a ba ka sefa, ka juyo ka mayar da sefar naira, ai ka san ba za ta dawo cif ba, kowane canji da ɗan abin da ke zubewa. Haka injin. Waya na ɗumi, bel na gogayya, boris na cin nasa, ga ƙara ga iska. Mu ƙaddara motar mai kyau ce, an ba ta 100 ta mayar da 90. Janareton ma mai kyau ne, ya karɓi 90 ya fitar da 81. Zagaye na biyu saura kusan 66, na uku 53. Ko ƙwai ɗaya ba a kunna ba tukuna fa. In ba batir a gefe, cikin daƙiƙoƙi abin zai tsaya. In da batir, zai yi ta juyawa har batir ya mutu, kuma da ka jona ƙwan nan kai tsaye da batir ta inbata, da ya fi daɗewa, don motar da altanetar ba abin da suke ƙarawa sai ɓarna da ƙara. Masana irin su James Joule da Hermann von Helmholtz sun tabbatar da ƙa'idar a shekarun 1840: ƙarfi yana sauya kama ne kawai, ba a samar da shi daga babu. Tun ma kafin su, a 1775, majalisar masana kimiyya ta Faransa ta gaji, ta sanar ba za ta ƙara duba wani injin da aka ce yana juya kansa har abada ba.

Sauran tarihin, neman abin da zai yi juyin ne da araha. Thomas Edison ya buɗe tasharsa a Amurka a 1882 da kwal da tururi. Nikola Tesla ya fito da motarsa marar buroshi a 1888, irin wadda jikokinta ke cikin fankokinmu. A 1896 aka fara aika wutar da ruwan Niyagara ke samarwa zuwa birnin Buffalo, kuma wajajen wannan lokacin ne aka fara kunna lantarki a Legas. A Arewa, haƙar kuza ce ta jawo aka tare ruwa a Kurra da ke Filato wajajen 1929. Sai Kainji a kan kogin Kwara a 1968 mai megawat 760, wadda har Yamai wutarta ke zuwa ta Birnin Kebbi, sai Jebba, sai Shiroro a kan kogin Kaduna a 1990 mai megawat 600. Ka shiga cikin kowacce, faifan Faraday za ka tarar ya girma: ruwa ya faɗo ya juya farfela, farfela ta juya maganaɗisu a tsakiyar naɗin jan ƙarfe. Mafi yawan wutar Najeriya ma daga iskar gas take, a tashoshi irin Egbin ta Legas, can ma ƙona gas ake yi don a samu abin da zai juya farfela.

Har durƙushewar babban layin wuta na ƙasa da muke yawan ji, wannan ƙa'idar ce. Duk janaretocin da ke kan layin dole su juya da taki ɗaya, wutar na kai da komowa sau 50 a daƙiƙa. Ƙaramin naku na gida yana yin haka ne da juyi 3,000 a minti. In babbar tasha ta fita ba zato, ko babban layi ya katse, nauyin ya koma kan sauran, sai su yi nishi kamar naku da dutsen guga, gudunsu ya ragu. In ya ragu ya wuce iyaka, na'urorin kariya su cire su ɗaya bayan ɗaya don kada su lalace, ƙasa ta yi duhu. Ƙasar da ke da injiniyoyi dubbai tana fama da ƙarancin gas da raguwar ruwa da rani, ace akwai akwatin da ke ba da wuta ba ci ba sha, ai da tuni an jera dubu a Kainji an sallami kogin.

Yaran da ke haɗa waɗannan akwatuna, da yawansu suna da hannu. Wanda ya iya naɗin koyil, ya iya walda, ya iya daidaita bel, ba ƙaramin mutum ba ne, kuma Faraday daga irin wannan benci ya tashi. Ni haushina yana kan manya masu digiri da ke zuwa a ɗauki hoto da su, a yi musu alƙawari, ba wanda zai zaunar da yaro ya nuna masa inda ƙarfin ke zubewa. Da an yi haka, da wannan hannun ya koma haɗa inbata mai inganci, ko ƙaramar farfelar iska, ko gyaran injinan ban ruwa na 'yan fadama. Akwai kuma 'yan kasuwar da sun san gaskiya sarai, suna ɓoye batir a ƙasan akwati su karɓi kuɗin mutane. Waɗannan hukuncinsu daban.

In wuta marar fetur kake so, akwai ta, ita ce sola. Ita kam ba ta bi ta hanyar Faraday ba, ba abin da ke juyawa a cikinta, hasken rana ne ke tura wutar kai tsaye a cikin faifan. Amma ka ga ita ma tana da abin da take ci, shi ya sa da dare sai abin da ta tara a batir.

Wanda kuma ya riga ya ƙulla ciniki, ga abin da zai yi kafin ya biya. Batir mai volt 12 da amp 200 in ya cika yana riƙe da abin da bai wuce wat 2,400 na awa guda ba. Ƙwai uku na zamani da fanka ɗaya ba su kai wat 150 ba, don haka zai iya riƙe su fiye da rabin yini, gwajin minti goma a gaban jama'a bai nuna komai ba. Ka ce a buɗe akwatin ka ga cikinsa. In an ce batir na tayarwa ne kawai, to bayan ya tashi a cire shi a ajiye a waje. In an ce ba ya ciruwa, a jona dutsen guga da hita, a rufe ɗakin da kwaɗonka, makulli a aljihunka, ku haɗu gobe war haka.